Karen da ke gurnani, hanya yake roƙo

Akwai dabarar da kowane yaro a Maradi ya iya tun kafin a sa shi lakwal. In kare ya taso maka, duƙa kamar za ka ɗauki dutse. Ko rairayi ne zalla a wurin, babu ko tsakuwa ɗaya, zai juya ya ranta a na kare, wanda dama nasa ne. Mukan yi dariya mu wuce. Ni dai na daina dariyar tun ranar da na tambayi kaina wanda ya koya masa ma'anar duƙawa. Ba a haihuwar kwikwiyo da wannan karatu. Jifa ce ta biya masa shi, kuma daga unguwar Zariya har Bagalam, daga Mokoyo har Sabon Gari, da wuya ka samu karen da ya shekara a duniya bai sauke ba.

Yawancin karnukan da muke kira mugaye, tsoro ne ya cika musu ciki. Matsoracin kare kuwa ya fi jarumi saurin kai cizo, domin shi kullum gani yake an zo halaka shi.

A layinmu akwai wani Alhaji, ɗan kasuwa, mutumin kirki, wanda ɓarayi suka haura wa katanga sau biyu a damina ɗaya. Ya samo kwikwiyo, sai wani gwanin ba da shawara ya koya masa yadda ake sa kare ya yi zafi: a kulle shi a ɗaki mai duhu kada ya saba da mutane, a rage masa abinci, a riƙa barbaɗa masa barkono a tuwo, in ya kaɗa wa baƙo bindi a zane shi. Da ya girma aka ɗaure shi da sarƙa mai tsawon taku uku a bakin ƙofa, inda rana ke dukansa daga hantsi har la'asar. Kowa ya san yadda Afrilu da Mayu suke a garin nan, zafi ya haura digiri 40, shi kuwa kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jikinsa. Yara in sun taso daga makaranta nan ne dandalinsu. Wannan ya jefa hoge, wancan ya zungure shi da kara, su tsaya daidai inda sarƙa ta ƙare suna shewa. Ranar da ƙarfen wuyan ya ɓalle, 'yan jifar duk sun tsere. Wata yarinya mai tallar ƙosai, wadda ba ta taɓa ko ɗaga ido ta dube shi ba, ita ya kama a ƙwauri. Kafin magariba samarin unguwa sun gama da shi da sanduna, kowa na cewa dama mugu ne. Ban ji wanda ya kawo zancen barkono ko na hoge ba.

In ba ciwo ko hauka ba, kare ba ya cizo haka kwatsam. Yana da maganarsa, kuma daki-daki take zuwa. Da fari ya kau da kai, ya lashi hanci, ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba. In abin bai gushe ba, kunnuwa su kwanta baya, bindi ya shige tsakanin ƙafafu, ya riƙa kallonka ta gefe har ka ga farin idonsa. Daga nan ya sandare cak, sai gurnani, sai ya ɗage leɓe ya nuna haƙora. Kaɗa bindi ma ba kullum yake nufin murna ba. In ka ga bindin ya miƙe sama ya ƙage yana ɗan rawa, ja da baya. Duk wannan jerin abu guda yake faɗa: matsa mini.

Ga inda masu karnuka ke kwafsawa. Mutum ya ji karensa ya yi wa baƙo gurnani, kunya ta kama shi, ya kai masa shuri. Tsoron na nan daram, gargaɗin kawai aka kashe. Gobe karen zai tsallake gurnani ya wuce kai tsaye zuwa haƙori, sannan a zo ana al'ajabi, ana cewa ai ko haushi bai yi ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba zan raina ta ba. Mutumin ƙauyukan Madarunfa ko Gidan Runji, wanda ke kwana da ido ɗaya saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane a bakin iyaka, ba kare mai ladabi yake nema ba. Haka mai kanti a cikin birni da aka taɓa fasa wa ƙofa. Malamanmu ma na ba da labarin Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Imamu Malik bai so haka ba, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. To, ajiye kare don tsaro ba abin kunya ba ne. Tambayar ita ce me ake nema a wurinsa. Mai bindiga ba ya tsoron haƙori, harsashi ɗaya ya ishe shi. Amfanin karen gadi kunnensa ne da hancinsa, ya jiyo motsi tun daga nesa ya tashi mutanen gida. Shi kuwa wanda tsoro ya rikita, akuya ta gifta haushi, iska ta ɗauki leda haushi, ladan ya kira assalatu haushi. Kafin wata guda masu gida sun koyi barci cikin hayaniyarsa, daren da ɓarawon gaske ya zo babu mai ɗaga kai. Wanda ya saba da mutanen layi, ya san mai ruwa, ya san almajiran da ke zuwa karɓar tuwo, shi ne in ya yi haushi da tsakar dare za ka laluɓi fitila.

Abin da ke ba ni haushi (ku yafe mini kalmar) shi ne ilimin horar da kare ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ku dubi 'yan farauta da rani, yadda suke ratsa gari da garken karnuka, cikin yara da jajayen awakinmu, su wuce lami lafiya. Kwikwiyonsu cikin mutane yake tashi, ya bi manya daji, in an kama zomo a jefa masa kayan ciki, ya san sunansa, ya san fiton mai shi. Ku dubi dogon karen nan na Buzaye, na yankin Azawak, wanda Turawa suka kwasa zuwa ƙasashensu tun shekarun 1970. Halinsa ne ba ya sakin jiki da baƙo, amma a zango yake kwana tare da iyali, kuma ba ka jin an ce da duhu da barkono aka raine shi. Alƙur'ani kansa, a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, ya halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, malaman fiƙihu kuma suka ce horarren kare shi ne wanda in an aike shi ya tafi, in an tsawatar ya tsaya. Tsayawar nan rabin horo ce. Mu a birni mun riƙe rabin farko mun yar da na biyu, muna alfahari da karen da mai shi ma ba ya iya kira ya dawo.

Masana halayyar dabbobi sun nuna cewa daga mako na 3 zuwa wajen na 12 ko na 14 ne kwikwiyo ke tantance abin tsoro da abin da ba na tsoro ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A waɗannan makonni ya kamata ya ga yara, ya ga tsoho mai sanda, mace mai hijabi, jaki da amalanke, ya ji ƙarar kabu-kabu, duk cikin lumana, ba mai cutar da shi. Daidai lokacin ne kuma mai shawarar Alhaji ya ce a kulle shi a duhu.

Wanda ya riga ya girma da tsoro ma ana gyara shi, sai dai da haƙuri, kuma sirrin nisa ne. A ce karenka na haukacewa in ya ga moto. Ka tsaya da shi can nesa da titi, inda yake hango moto amma bai fara tada gashin baya ba. Duk moton da ya gifta, nan take ka ba shi ɗan ƙuli-ƙuli, abin da ba ya wuya a ƙasar gyaɗa. Minti biyar ko goma a rana ya isa. In ya ƙi karɓar abincin, kun matso da yawa, ku koma baya. Sannu a hankali ƙarar moto za ta zame masa albishir, ya riƙa juyowa yana dubanka maimakon ya zabura. Wannan shi ne abin da Pavlov, masanin nan na Rasha, ya gano fiye da shekara 100 da suka wuce, cewa dabba na haɗa sauti da abin da ke biyo bayansa. Ka ga da wannan hanyar ce muka koya masa tsoron duƙawa, da ita kuma za a iya kwance shi. Bulala tana iya sa shi ya yi shiru, amma abin da zai koya shi ne duk sanda moto ya zo duka na tafe.

Sauran nauyin na kanmu masu wucewa. A Suwidin a 2012 wasu masu karnuka suka fara yaɗa al'adar ɗaura wa kare ƙyalle ruwan ɗorawa a igiya, alamar kada a matso, ko don tsoro, ko ciwo, ko tsufa, kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Ban ce mu kwaikwayi ƙyallen ba. A nan yara za su ɗauka ado ne su ƙara matsowa. Can matsalarsu mutane na son shafa karen da ba su sani ba, mu tamu jifa ce da tsokana. Amma ladabin da ke ƙarƙashin ƙyallen muna da shi tuntuni. Ranar hawan Sallah babu mai hankalin da ke tsayawa bayan doki. In mahauci ya jawo bijimi, da ya ce a ba da hanya kowa ke raɓewa jikin bango, ba wanda ke jin an raina shi. Haka ya kamata ya zama in mai kare ya ce a matsa. Shi kuma mai karen da ya san halin dabbarsa, igiya mai ƙarfi da takunkumi wajibinsa ne in zai fita da ita, kuma ba lokacin tashin 'yan makaranta ba.

Yara su ne abin ji. A koya musu tun a gida: kada a tunkari kare yana cin abinci ko yana barci, kada a kusanci karya mai 'ya'ya, kada a ritsa shi a lungun da ba shi da mafita. In ya taso, gudu shi ke ƙara masa ƙaimi. A tsaya cak kamar turke, a naɗe hannu, a kau da ido, galibi zai shinshina ya wuce. Uban da ya ga ɗansa na jifan kare ya yi murmushi, ya sani ɗan wani ne zai biya, ko nasa. Mun kuma san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa. Ba sai ka so kare ba kafin ka bar shi ya sha inuwa.

Dalilin da ya sa zancen nan ya fi mana nauyi fiye da Suwidin shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da alamu sun bayyana, kusan babu mai tashi. Don haka kowane irin cizo, ko na karen gida ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi likita a ranar don allura. Toka da barkono da ƙonannen gashin kare ba sa kashe ƙwayar cutar. Kashe karen nan take ma asara ce, domin in an tsare shi likitan dabbobi ya sa masa ido na kwana 10 aka ga lafiyarsa lau, hankalin iyaye ya kwanta. Kuma zuba guba a layi, wanda shi ne abin da ake fara kira duk sanda aka yi cizo, bai taɓa kawar da ciwon ba, don wasu karnukan ke cike gurbin. Abin da aka tabbatar yana yanke shi shi ne yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi. To wa zai iya riƙe karen da ba a taɓa shafa kansa ba har a tsira masa allura? Karen da ke amsa kira, ya tsaya a taɓa shi, shi ake iya kai wa likitan dabbobi.

Iyayen yarinyar nan mai ƙosai sun yi ta zarya asibiti har alluranta suka cika, Alhaji ne ya biya, kuma ya biya ba gardama. Ta warke, amma ta sauya hanya, ƙosanta ba ya zuwa layinmu kuma. Watan jiya na ga an kawo masa sabon kwikwiyo, ja mai farin ƙirji, yaron gidan na wanke tsohuwar sarƙar. Na ce, "Alhaji, wannan kam a bar shi ya ga mutane." Ya ce, "Malam, in ya saba da kowa wa zai yi wa haushi?" Muka daɗe a kan tabarma muna ja. Bai ce ya yarda ba, amma ya sa an mayar da turken ƙarƙashin bedi, an ajiye kwanon ruwa, kuma shekaranjiya na ji shi da kansa yana kora yaran da suka taru da hoge a hannu.