Ƙannena, wa kuke kai wa murar nan?

Assalamu alaikum samarin Garwa, na majalisa da na tashar moto, da ku ƙannena mata.

Jiya bayan sallar Magariba na biyo ta wata majalisar shayi a unguwarmu. Samari sun kai goma a tabarma ɗaya, sun haɗa kai suna kallon ƙwallo a waya guda. Ɗaya daga cikinsu idonsa ya yi jawur, hanci na zuba, yana tari har da dafe ƙirji. Kofi biyu ne ke zagaya su duka, ko ɗauraya babu. Na ce masa, "Ƙanena, da ka je gida ka kwanta, in kuwa sai ka zauna to ka sa kashne, ka rufe baki da hanci." Ya ce, "Haba yaya, mura ce fa, hunturu ne. Ni jaki ne da za a sa mini takunkumi?" Aka kwashe da dariya. Ban ji haushinsa ba, don na taɓa faɗin abin da ya fi wannan muni. Amma da maganar na kwana, saboda na san gidansu. Akwai tsohuwa mai hawan jini a ɗakin da ke jikin nasa, kuma shi ne mai kai mata kunu kullum da safe.

Ni tela ne, da yawanku kun san shagona. Ranar 6 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a ƙasarmu Kamaru, a Yawunde. Ranar 17 ga watan gwamnati ta ce a rufe iyakoki da makarantu, ta hana taron da ya wuce mutum 50, daga 13 ga Afrilu kuma aka wajabta rufe baki da hanci a cikin jama'a. A makonnin nan na ajiye ɗinkin kaftani, na tattaro ƙyallayen atamfa da shadda na dinga ɗinka kashne dare da rana. Na sami kuɗi, alhamdu lillahi. Sai dai abin da hannuna ke ɗinkawa zuciyata ba ta yarda da shi ba. Nawa a aljihu yake zama, sai na hango jandarma nake ciro shi. Muna cewa cutar masu hawa jirgin sama ce, muna cewa ranar Garwa da ke ƙona tafin ƙafa a watan Afrilu ba za ta bar wata ƙwayar cuta da rai ba. Ko da aka ce ta kashe Manu Dibango a Faransa ranar 24 ga Maris, cewa muka yi ai can ne, ƙasar sanyi.

Sai bayan shekara guda na ga abin da idona. A Maris 2021 na je Yawunde sayayya, na dawo a jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, daga nan na shiga mota cike maƙil, tagogi a rufe saboda ƙura. Kwana huɗu da dawowa na ji jiki ya yi nauyi, ɗan zazzaɓi da kaikayin maƙogwaro. Na sha maganin ciwon kai na buɗe shago. Abin da ya ba ni mamaki kawai shi ne mai ɗakina ta yi miyar kuka da daddawa, na kai hanci ban ji komai ba. Ta sa turaren wuta, hayaƙi na tashi a gabana, ni kuwa kamar an toshe mini hanci da auduga. Na ji a rediyo cewa wannan alama ce, amma na kawar da kai. Ran Juma'a na ɗauki tsaraba na nufi gidan Baffa, yayan mahaifina, mai ciwon suga. Na shiga ɗakinsa, labule a sake, taga a rufe. Na durƙusa na riƙe hannunsa, muka sha fura a ƙwarya ɗaya, muka yi hira har La'asar. Ni bayan kwana uku na warware sarai. Shi kuwa kwana shida bayan zuwana zazzaɓi ya kwantar da shi, daga nan numfashi ya fara gagara. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin asibiti ina kallon ƙirjinsa na hawa da sauka kamar wanda ya yi gudu, ga robar iska a hancinsa, yana son yi mini magana ba hali. Bai kai azumi ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Na yi imani ajalinsa ne ya zo, ba wanda ya isa ya ƙara masa ko daƙiƙa. Amma har gobe in na tuna akwai kashne uku a aljihuna ran nan, na ɗinkin hannuna, sai in ji wani abu ya tokare mini wuya.

Abin da nake so ku gane ke nan. Kai saurayi ne, jininka na gudu, cutar za ta taɓa ka kwana biyu ta wuce. To ba ta tsaya a kanka ba. Ƙwayar mura da ta korona da ta ƙyanda ba su da ƙafa, a numfashinmu suke tafiya: tari, atishawa, magana da ƙarfi, dariya a ɗaki mai rufaffiyar taga. Korona ma har tana fita daga jikin mutum kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji ciwo. Kai ɗan moto da ke ɗaukar fasinja a babur daga babbar kasuwa zuwa Yelwa, daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya, mutum nawa ne ke numfashi a ƙeyarka daga safe zuwa dare? Duk abin da ka kwaso gida za ka kai shi, wurin kaka, wurin matar yayanka mai ciki, wurin jaririn da ko suna ba a yi ba. Ka ce ai kai ba ka ji komai ba. Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo.

Na san sunan ma yana ɓata wa wasu rai, don takunkumi a wurinmu na dabba ne. To ku kira shi kashne, ku kira shi duk abin da kuka ga dama. Amma ku dubi manyanmu in sun naɗa rawani sun ja amawali sun rufe baki, wa ya taɓa cewa sun zubar da girma? Ku kanku in hazo ya sauko a watan Janairu, har ba a hango tsallaken Binuwai, kuna ɗaure fuska da hirami don ƙura. Ƙurar da kake gani ka yarda ka kare kanka daga gare ta. Don me kare tsohuwarka daga abin da ke fita daga ƙirjinka zai zama abin kunya?

Sai masu cewa rashin tawakkali ne, wai mai rufe fuska tsoron mutuwa yake. A nan nake so mu ɗan daɗe, domin da wannan maganar aka fi rufe bakin mutane, ni ma da ita na rufe na wasu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce idan kuka ji annoba ta sauka a wata ƙasa kada ku shiga, idan kuma ta sauka kuna ciki kada ku fita. Tawagar Banu Saƙif ta zo yin mubaya'a, a cikinsu akwai mai kuturta, sai ya aika masa cewa mun karɓi mubaya'arka, ka koma. Bai wulaƙanta shi ba, ya ba shi haƙƙinsa cikakke, amma bai haɗa hannu da shi a cikin taro ba. Idan zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufafinsa. Wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ma an ce ya nisanci masallaci don kada warin ya cutar da masu salla. Wari ke nan fa, wanda ba ya kwantar da kowa. Ina ga tarin da zai iya raba dattijon da ke gefenka a sahu da numfashinsa?

Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarg aka gaya masa annoba ta ɓarke a gaba. Ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wannan ita ce annobar Amwas, wadda ta ɗauki Abu Ubaida kansa da Mu'azu ɗan Jabal. Da jagoranci ya zo hannun Amru ɗan Asi, sai ya umarci mutane su watse su hau duwatsu, kada su cunkushe wuri ɗaya, daga nan ta lafa. Cikinmu wa ya fi waɗannan tawakkali? A zamaninmu ma mun gani a waya, a 2020, filin ɗawafi fayau ba kowa, aka yi Hajji da 'yan tsirarun mazauna Saudiyya kawai, kowa da takunkuminsa.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ku tambayi kowane Bafulatani mai kiwo a Ngong ko Pitowa abin da yake yi in saniya ɗaya ta fara tari. Ware ta yake, ba ta kiwo da sauran, ba ta shan ruwa a mashaya ɗaya da su. Akwai hadisi a kan haka, cewa kada mai raƙuma marasa lafiya ya gangaro da su kan masu lafiya. Makiyayi bai tsani saniyar ba, ita ce ma yake fi ba kulawa. Mun san wannan a kan dabba, mun kasa yi wa iyayenmu.

Yadda ake yi kuwa ba wuya. In ka ji zazzaɓi da tari, ka je a gwada jininka, don sau da yawa zazzaɓin sauro ne, shi kuma ba ya jira. In mura ce mai ƙarfi, ka zauna gida har zazzaɓin ya sauka ya kwana ya wuni bai dawo ba, bayan nan ma ka ƙara 'yan kwanaki kana rufe fuska in za ka shiga mutane. Kashnen ya rufe hanci da baki duka, wanda aka saukar ƙarƙashin haɓa ba ya tsare komai. Na ƙyalle ya zama ninki uku, a wanke shi da sabulu kullum a shanya a rana. Na asibiti in ya jiƙe a yar. A matsayina na mai ɗinki ina gaya muku, in ka ɗaga shi ka hango hasken rana ta cikinsa tar, ado ne kawai. Na san gidajenmu, mutum shida a ɗaki ɗaya ba abin mamaki ba ne. To mara lafiya ya koma zaure ko ƙarƙashin rumfa da gidan sauronsa, a buɗe tagogi, a ware masa kofi da cokali, mutum ɗaya mai ƙarfi ya dinga kula da shi, ba kaka ba, ba mai ciki ba. In numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji na ciwo, ko mutum ya fara sambatu, ba zancen zaman gida kuma, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne. Tarin da ya wuce mako biyu kuma a je a gwada tarin fuka.

Ku ƙannena mata, taku ta fi yawa a wurin barka da suna. Ɗakin mai jego cike, ana miƙa jariri daga hannu zuwa hannu, ana sumbatarsa. In kina mura ki aika da turmin atamfarki da gaisuwa, ki zo bayan kin warke. Yaron da ƙyanda ta fito masa kuma kada a goya shi zuwa biki ko a tura shi makarantar allo. Ƙyanda ta fi korona saurin yaɗuwa, ƙwayarta na iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma tana kama kusan tara cikin goma na waɗanda ba su da rigakafi. Allurarta kyauta ce, a wata tara, a sake a wata goma sha biyar.

Za a ce mini zumunci a ƙafa yake, kuma dubiya haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan'uwansa. Gaskiya ne, kuma a nan ne muka fi yin kuskure lokacin korona. Wanda aka ce ya kamu sai aka guje shi kamar ya yi abin kunya, aka daina sayen kayan matarsa, ana nuna gidansa da baki. Shi ya sa mutane suka dinga ɓoye ciwo suna shiga jama'a. Ɗan moton da sai ya fita zai kai wa mai babur kuɗin yini, ya kuma sa tukunya a wuta, in ka ce masa ya zauna gida kwana biyar ba ka ba shi ko dala ba, ba nasiha ka yi masa ba, yunwa ka haɗa shi da ita. Ku da kuke tara kuɗin shayi da na kallon ƙwallo ba fashi, ku tara wa abokinku jaka ɗaya ko biyu a rana. Wani ya karɓi babur ɗin ya yi masa aiki. A kai masa abinci a ajiye a bakin ƙofa, a tsaya daga tsakar gida a ce ya jiki, a kira shi a waya da dare a yi hira. Dubiya ke nan, ladanta kuma na nan ba ragi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, bayan an ƙirga mutum kusan miliyan 7 da ta kashe. Cutar ba ta bar duniya ba, mura mai kwantar da tsofaffi kuma kowace shekara tana dawowa.

Yau da safe na je gidan su yaron nan da kashne uku masu ninki uku da ledar lemo. Na same shi kwance a zaure, jiki zafi rau, dariyar jiya duk ta tafi. Na ba shi labarin Baffa kamar yadda na ba ku. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ai na riga na kai mata kunun ɗazu." Na ce to daga gobe ƙanwarka ta kai, kai kuma kada ka tsallake ƙofar ɗakinta sai ka warke. Muka ɗaga labulen tsohuwar muka buɗe mata taga. Abokansa biyu sun ce za su riƙe masa babur har ranar Litinin. Da yamma zan koma in ji yadda ta wuni.