F1 kaɗai ba ya kai mutum shafin da yake nema

Da yawa sun ɗauka in an haɗa jagorar manhaja da maɓallin F1, shi ke nan, taimako zai dace da inda mutum yake. Jagorar kam tana buɗewa, amma a shafin farko, sai mai nema ya shiga lalube.

Dole kowace tagar manhajar ta sami lambarta. Wajen haɗa CHM, wato fayil ɗin jagora na Windows, sashen MAP ke ba suna lamba, sashen ALIAS ya ɗaura sunan da shafin jagorar. Misali, tagar buga takarda ta aika lambarta 1020, shafinta ya fito kai tsaye. Inda ake yawan tuntuɓe, marubuci ya sauya sunan shafi bai gyara ALIAS ba, ko mai shirya manhaja ya canja lamba shiru. Su biyun su riƙa aiki da fayil ɗin lambobi guda.