Takiyya tana ciyar da mai iya bin layi, wa zai kai wa na kwance?

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum, babban birnin Sudan, ranar 15 ga Afrilu 2023, abin da ya riƙe ran talaka a unguwanni da dama shi ne tukunyar takiyya, wato wurin da unguwa ke dafa abinci ta raba wa jama'a kyauta. Matasan ɗakunan agajin gaggawa da matan unguwa da kwamitocin masallatai ne suka ɗora ta, 'yan uwa mazauna Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa suna turo abin da ya sawwaƙa ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, a Disamba 2023, Sinja ta bi baya a ƙarshen Yuni 2024, jama'a suka kwarara Gadarif da Kassala, makarantu suka koma masauki, gidajen Hausawan can suka cika da dangi. Wasu ma gudunsu na biyu ke nan, domin rikicin ƙabilanci na Yuli 2022 ya riga ya taso su daga Rusairis da Damazin.

Masu wannan aiki sun cancanci addu'a, wasunsu sun rasa rayukansu a kansa. Sai dai yadda ake rabon yana da giɓi babba. Takiyya tana zuba wa wanda ya zo da bokiti ya tsaya a layi, alhali mutanen da yunwa ke fara kayarwa su ne waɗanda ba za su iya zuwa ba: tsohon da ƙafa ta ƙi, mai jego, matar da ke takaba, yaron da bai kai shekara biyu ba, da dattijon da ya shekara yana ciyar da wasu, wanda ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi riƙe da kwano. A unguwannin Hausawa akwai ƙarin tsofaffin mata da Larabcinsu bai nuna ba, ga waɗanda ba su da lambar ɗan ƙasa, da sun ji an ce rajista sai su ja da baya.

Gyaran yana farawa daga littafi. Mace ɗaya da namiji ɗaya, waɗanda unguwa ta sani kuma suke jin Hausa da Larabci, su ɗauki gida kamar talatin su shiga ɗaya bayan ɗaya. Abin da za a rubuta kaɗan ne: bakin da ke ci a gidan, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu ciki da masu shayarwa, waɗanda suka haura sittin, wanda ba ya iya tashi, da mai shan maganin yau da kullum. Kada a nemi takardar shaida. Kada kuma a rubuta ƙabila ko garin da mutum ya baro, lambar gida ta wadatar, domin a lokacin yaƙi ba a san hannun da littafi zai faɗa ba. A riƙa sabunta shi duk mako biyu, tunda mutane na zuwa suna tafiya.

Da littafin a hannu, sai a sauya jerin rabo: kwanukan na kwance su fara fita kafin a buɗe layi. Idan aka bar su sai ƙarshe, ƙanzo da ruwan miya za su samu, ko a ce ya ƙare. Kowane matashi a ba shi gidaje biyar zuwa takwas da ba sa canzawa, ya kai da zafinsa a rufe, domin dafaffen abinci ba ya son wuce awa biyu a ajiye, balle a zafin Sudan, inda kwalara ta ɓarke a 2024. Kuma kada ya ajiye a zaure ya juya. Ya yi sallama, ya ga tsohon da idonsa, ya tambaya: "Baba, ka ci na jiya? Akwai ruwan sha a randa?" Sau da yawa za a tarar jikoki ne ke cinye rabon kaka, ita kuma da bakinta take miƙa musu. Faɗa ba ya gyara wannan, ƙara wa gidan rabo ne ke gyarawa.

Mu kuma faɗa wa juna gaskiya a kan abin da ke cikin tukunyar. Kilo bakwai na adas, wato wani irin ƙananan wake, da lita ɗaya da rabi na mai ga mutum ɗari, da burodi bibbiyu, yana ba kowa wajen kashi ɗaya cikin uku na kalori 2,100 da ake ƙiyasta mutum na buƙata a yini. Babba zai lallaɓa da shi. Ƙaramin yaro ba zai iya ba, saboda cikinsa ba ya ɗaukar fiye da ƙaramin kofi a zama ɗaya, kuma daga wata tara zuwa shekara biyu yana buƙatar ci sau uku ko huɗu ban da nono. Romon adas yana cika masa ciki da ruwa ne kawai. Shi ya sa kowace takiyya take buƙatar tukunya ta biyu, ƙarama: kunun dawa ko gero mai kauri, mudu uku na gari da mudu ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da ɗan mai da sukari. Kaurin ya kai yadda in an karkata cokali ba zai zube nan take ba. Dawa da gyaɗa da riɗi duk noman ƙasar nan ne, ba sai an jira jirgi ya sauke su a Port Sudan ba. Wannan kunun shi ne kuma ya dace da tsohon da haƙoransa suka zube, wanda busasshen burodi da waken ful suka fi ƙarfinsa.

A gefen tukunyar yara a ajiye zaren awon dantse. Ana auna tsakiyar dantsen hagu na yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. Ƙasa da santimita 11.5, wato ja, tamowa ce mai tsanani, tsakanin 11.5 da 12.5, ruwan ɗorawa, yaron yana kan hanya. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, in ramin ya tsaya to kumburin yunwa ne, ko da zaren ya nuna kore. Yaron da ya faɗa ja a kai shi cibiyar lafiya a ranar. In kuma ya ƙi cin komai, ko yana amai, ko jikinsa ya saki, kwanciyar asibiti yake buƙata, ɗura masa abinci a gida na iya kashe shi. Ledar gyaɗar magani da ake bayarwa, mai giram 92 da kalori 500, an ƙididdige ta ne bisa nauyin yaro ɗaya. In uwa ta raba wa 'ya'ya huɗu babu wanda zai warke, kuma ba za a ga laifinta ba matuƙar sauran ukun ba su da abin ci. Duk gidan da ke da yaro a kan magani a ninka masa kunu.

Tsofaffi kuwa yankewar magani na yi musu ɓarnar da ba ta gaza ta yunwa ba. Mai hawan jini da ya daina shan ƙwayarsa ba ya jin komai sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. A kwafe sunan kowane magani da adadinsa daga kwalinsa, a haɗa na unguwa gaba ɗaya a kai wa likita ko mai kantin magani ɗaya, maimakon kowa ya yi ta yawo shi kaɗai. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan Daonil yana cikin haɗari idan ya sha magani abinci ya makara: gumi, karkarwa da ruɗewa alamar sugan ya faɗi ne, a ba shi babban cokali na sukari a ruwa in yana iya haɗiya. Saboda haka kwanonsa ya riƙa isa a lokaci guda kullum. In babu wuta, a sa insulin a ƙaramin gwangwani mai murfi a cikin jiƙaƙƙen yashi kusa da randa, a inuwa.

Yaron da ya rabu da iyayensa a hanya, a rubuta inda aka tsince shi da ranar da kayan jikinsa, a sanar da Red Crescent ta Sudan, sannan a damƙa shi ga iyali ɗaya da za a riƙa leƙawa. Abin da ya faru a gidan marayu na Maigoma a Khartum, inda jarirai da dama suka mutu kafin a kwashe kusan 300 zuwa Wad Madani a Yuni 2023, ya nuna haɗarin tara yara wuri ɗaya a hannun ma'aikatan da yaƙi zai iya hana su zuwa.

Saura kuɗi, inda takiyyoyi suka fi mutuwa. Katsewar layukan waya a Fabrairu 2024 ta tsayar da Bankak, tukwane suka huce. Dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 ya rufe wasu ɗaruruwa. Ta cikin gida kuma zargi ne ke rusa su, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai karɓar kuɗi daban, mai sayayya daban, mai rubutu daban, a manna lissafi a bangon masallaci kowace Juma'a, ba tare da sunan masu karɓar abinci ba.

Wasu na ganin duk wannan aikin Diwanin Zakka ne da ma'aikatar jin daɗin jama'a, wasu kuma na tsoron in hukuma ta shigo za ta mayar da tukunya kayan siyasa. Tsoron yana da tushe. Abin da ya dace shi ne hukuma ta kawo hatsi, unguwa ta riƙe ludayi da littafi. Manomin Gadarif da ya kai nisabi, wajen kilo 653, yana fitar da ɗaya cikin goma na noman damina, kuma wani kaso na wannan dawar ya kamata ya isa takiyyoyi a buhunansa bisa yawan bakin da ke littafi. Kwamitin unguwa shi ma ya sayi abin da zai iya tun da kaka, tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da farashi ke ƙasa, ya jera buhunan a kan katako nesa da bango, ya ware na watanni huɗu na damina, daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da laka ke rufe hanyoyin ƙauyuka kuma rumbunan gidaje suke ƙarewa.