Hillbillys in a Haunted House ba fim ɗin ban tsoro ba ne

Duk wanda ya ga sunan wannan fim na Amurka da ya fito a 1967, sannan ya ga John Carradine da Lon Chaney Jr. da Basil Rathbone, 'yan wasan da aka sani da finafinan ban tsoro, a cikinsa, zai zaci fim ne na fatalwa. Ba haka abin yake ba, fim ne na barkwanci da waƙa.

Labarin gajere ne. Ferlin Husky da Joi Lansing da Don Bowman sun kama hanyar birnin Nashville don halartar bikin waƙoƙin kantiri, wato salon waƙar karkarar Amurka, sai suka yada zango a wani tsohon gida da ake cewa yana da fatalwa. Ashe 'yan leƙen asiri ne suka ɓuya a ɗakin ƙasa, suna ƙoƙarin sace sirrin haɗa man roka. Su ne ke kunna ƙararraki da na'urori don su kori baƙi, har da goggon biri a keji.

Inda mai kallo ke jin an yaudare shi shi ne wajen ƙarshe. Labari na ƙarewa, fim ɗin sai ya koma dandali, mawaƙa suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Da gangan aka tsara hakan, domin masoya kantiri aka yi wa shi, kuma a ganina nan ne darajarsa take: Merle Haggard da Sonny James suna rera waƙa a zamanin da tauraronsu ke haskawa. Jean Yarbrough ne ya ba da umarni, kuma ci gaba ne na fim ɗin Las Vegas Hillbillys na 1966.