Umaru 'Yar'Adua da rahoton da aka bari a ƙasa

Duk ranar 5 ga Mayu sai ka ga Facebook ya cika da hoton marigayi Umaru Musa 'Yar'Adua, kowa na cewa ba a taɓa yin shugaba irinsa ba. Allah ya jiƙansa da rahama. Sai dai yawancin masu yabon a kan fetur suke tsayawa, cewa ya sauko da lita daga naira 75 zuwa 70, daga baya 65. An yi haka. Amma ni ba a nan nake ganin girman mutumin ba.

Ku dubi gidan da ya fito. Mahaifinsa Matawallen Katsina ne, minista a gwamnatin Tafawa Ɓalewa. Wansa Janar Shehu shi ne na biyu a mulkin soja na Obasanjo. Da irin wannan gata, Umaru ya karanci kimiyyar sinadarai a ABU Zariya, ya kama alli yana koyarwa, kuma lokacin da mahaifinsa ke jigo a NPN shi ya tafi PRP ta Malam Aminu Kano. Tun daga nan ake gane mutum.

Ranar 29 ga Mayu 2007, a bainar jama'a wajen rantsar da shi, ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai. Wane ɗan siyasa ne a ƙasar nan zai ci zaɓe ya faɗi haka da bakinsa? Ya bayyana kadarorinsa kowa ya gani. Da Kotun Ƙoli ta mayar da Peter Obi kujerar gwamnan Anambra, ɗan PDP aka sauke, amma ya ce a bi hukunci. Kuɗin ƙananan hukumomin Legas da Obasanjo ya riƙe saboda rigimar siyasa, ya sake su. A 2009 ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa, suka ajiye makamai, mai ya dawo yana gudana. Ana ta yi masa ba'a wai tafiyar hawainiya yake yi, alhali yawancin abin da ake kira jinkirin bin doka ne kawai, abin da aka manta kamanninsa.

To amma son mutum ba ya hana faɗin gaskiya. A zamaninsa aka cire Nuhu Ribadu daga EFCC, jim kaɗan bayan hukumar ta kama tsohon gwamnan Delta James Ibori. A zamaninsa aka kashe shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Yulin 2009, kuma mun ga abin da ya biyo baya. Rashin lafiyarsa kuwa ba laifinsa ba ne, amma ya tafi Jidda a Nuwamban 2009 bai miƙa mulki ba, ƙasa ta zauna ba mai riƙo har sai da majalisa ta ɗora Goodluck Jonathan a Fabrairun 2010. Wannan nauyin na makusantansa ne.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rahoton Uwais. Shi da kansa ya kafa kwamitin gyaran tsarin zaɓe ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, suka miƙa rahoto a Disamban 2008. Babbar shawararsu ita ce a karɓe ikon zaɓo shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa, Majalisar Alƙalai ta Ƙasa (NJC) ta riƙa tantancewa. Gwamnatinsa ta ƙi wannan shawara. Wato ya gano cutar, likita ya rubuta magani, aka zare ƙwayar da ta fi muhimmanci.

Shugabanni uku sun zo bayansa, Jonathan da Buhari da Tinubu, kuma har gobe ɗan takara ne ke naɗa alƙalin wasan. 'Yan majalisar da ke sako hotonsa duk shekara suna rubuta "Allah ya jiƙan maza", a hannunsu gyaran tsarin mulki yake.