Zakara ma ai tsuntsu ne

Tunda ƙanin Hajiya ya riga ya watsa bidiyon a guruf ɗin gida, gara in faɗi nawa da bakina kafin labarin ya iso majalisa an sa masa gishiri.

Kun san mun je bikin gama karatunsa a Malesiya. Da aka watse ya ce zai yi mana gata, ya samo tikitin jirgin ruwa na shaƙatawa, kwana 4, daga Singafo zuwa Penang da Fuket a dawo. Gatan da ni na biya kuɗinsa, amma wannan zancen wata rana ne. Ranar dawowa yini guda cur ba tsayawa, ruwa gaba ruwa baya a mashigin Malaka. Hajiya ta kwanta da jiri. Ni kuma zaman ɗaki ya ishe ni, na fito ina zagaye, sai na ji ƙara daga wani falo kamar tifa na juye tsakuwa.

Majong ake yi. Teburi shida, kowanne mutum huɗu, suna cuɗa wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da sabulun otal. Teburi ɗaya ne ke da mutum uku, tsofaffin mata biyu da wani saurayi, duka 'yan Singafo. Babbar ta yafito ni, wai ƙafa ɗaya suke nema. Haka suke kiran abokin wasa, kaki, wato ƙafa da yaren Malay. Na ce Anti ni ba na caca. Ta ce ba kuɗi, 'yan fayafayan roba ne, wanda nasa suka ƙare shi zai sayi shayi. To ni da na shekara goma ba a fitar da ni a wot a ƙofar gidan Alhaji? Na ja kujera.

Cikin minti biyar ta karanta mini dokar. Ƙwaya 148 ce, domin su 'yan Singafo sun ƙara dabbobi huɗu a kan 144 da aka sani: kyanwa, ɓera, zakara da shanshani. Kana riƙe da 13, ka ɗauki ɗaya ka yar da ɗaya. Uku iri ɗaya sunansu pong, uku a jere kuma sunansu “ci”. Ka haɗa uku-uku sau huɗu da tagwaye guda, ka ci wasa. Akwai masu ɗigo, akwai masu sanda, akwai masu lambar Sinanci, sai iskoki huɗu: gabas, kudu, yamma, arewa. Ta faɗi wani abu kan dabbobin da iskokin, amma lokacin hankalina na kan yadda zan gina katangata ta ƙwayoyi kar ta rushe. Na dai ce “to, to, na gane.” Aka ce ni ne gabas. Na ce madalla, ko ba komai na samu alƙibla, na manta cewa a can yamma ake kallo in za a yi salla.

Awa guda duk abin da na yar sai wani ya ce “pong!” ya sure. Kamar mai watsa wa kaji tsaba.

Sai ga mutumin. Mijin ƙaramar Antin ne, farar singileti, riga a buɗe, gorar shayi a hammata, tsinken sakace a baki. Ba ya wasa, ba wanda ya kira shi, ya zo ya tsaya a bayana har ina jin numfashinsa a ƙeya. Na kai hannu kan wata ƙwaya, sai na ji tsaki. Jama'a, tsaki! Rabon da namiji ya yi mini tsaki a ka tun ina makarantar allo. Na haɗiye, na ce baƙo nake. Can kuma sai na yi dabara: duk wadda na taɓa ya yi tsaki sai in fasa yar da ita, in taɓa wata. Na mai da shi malamin duba. Haka na yi ta bin tsakinsa kusan zagaye uku ina ƙara nutsewa, sai da na waiwaya na ga ashe nama ne ya maƙale masa a haƙori yake fama da shi, idonsa ma na kan talabijin. Kuma shi ne dai da safe ya kwashe kankanar ƙarshe a wurin karin kumallo, yanka bakwai, ina tsaye da faranti a bayansa. Na ƙirga. Bakwai. Mutum ɗaya. Ko waiwaye bai yi ba.

To, a zagaye na shida sa'a ta zo. Na haɗa masu ɗigo 2, 3, 4. Na yi pong na masu sanda biyar-biyar. Ga 7, 8, 9 na ɗigo. Ga gabas, kudu, yamma reras, yadda Anti ta jero su da bakinta. Saura tagwaye, kuma ina da wani tsuntsu mai dogon bindi da na ɓoye tun farko. Na kai hannu katanga, na shafa ƙwayar da babban yatsa yadda na ga suna yi, duk da ba abin da nake ji, na juya. Zakara!

Na miƙe tsaye. Kujera ta faɗi. Bakina ya riga ni, na ce “Cekof!” sannan na gyara na ce “Majong!” da muryar da ta tsayar da duk teburan. Na kifar da ƙwayoyina a fili, na gyara hula. A daidai nan ƙanin Hajiya ya shigo da waya a hannu yana cewa, “Yaya, har ka ci su?”

Anti ta ɗauko tabarau daga jaka. Ba ta yi sauri ba. Ta goge shi da gefen riga, ta sa, ta miƙo farce mai jan lalle ta fara bi. Na farko, ta gyaɗa kai. Na biyu, ta gyaɗa kai. Na uku, har da “gud.” Ina murmushi ina kallon kyamara. Farce ya iso kan iskoki ya tsaya. Ta dube ni ta saman tabarau, ta raba su ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ashe iska ba ta jeruwa, sai dai uku iri ɗaya. Na ce to kuskure ɗaya ne. Sai ta kai kan tagwayen. Ta ɗaga tsuntsun a hannun dama, zakaran a hagu, ta yi shiru. Kafaɗunta suka fara rawa. Tsuntsun nan wai shi ne lamba 1 a masu sanda. Zakara kuwa ba a ma riƙe shi a hannu, da ka ɗauko za ka ajiye a gefe ka ɗauki wata.

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma na buɗe baki na ce, “Anti, zakara ma ai tsuntsu ne.” Saurayin ya fassara. Ba a nan teburin ya tsaya ba, Anti ta tashi da ƙwayoyin biyu ta zagaya falon tana nunawa teburi-teburi, kowanne sai ya fashe in ta iso. Wata tsohuwa har da share hawaye. Mai singileti ya cire tsinken daga baki, ya leƙo, ya kalli ƙwayoyina, ya kalle ni, ya yi tsaki. Wannan kam nawa ne, ba na nama ba.

Hukuncin wanda ya yi shelar ci na ƙarya shi ne ya biya duka ukun. Fayafayaina suka ƙare nan take. Na sayi shayi uku, mai singileti ya karɓi na huɗu alhali gorarsa na hammata.

Abin da ya fi ci mini rai ƙanin Hajiya ne. Shekara huɗu a Malesiya, kullum yana cika baki abokansa 'yan Sin ne, ya tsaya yana kallon zakara a hannuna bai ce uffan ba, wai kar bidiyo ya lalace. Da daddare a lif wani yaro ya gan ni ya yi cara, uwarsa ta doke masa hannu tana danne dariya.

Hajiya ta ce in bar zancen haka. Na bari. Amma ku gaya masa cajata da ya ara a Penang har yau ban gan ta ba.