Girgijen da Tari Ya Zana Min

Wanda ya ce min fentin ruwa yana kwantar da hankali, Allah ya yafe masa. Wani zanen fentin ruwa na gani na Albrecht Dürer, wani mai zane Bajamushe, wanda ya yi a 1503, yanzu yana gidan tarihi na Albertina a birnin Viyana. Ciyawa ce kawai da 'yan ganyaye a kan damshin ƙasa. Na ce a raina, ciyawa? Ai wannan ko da hannun hagu.

Sai na kwashi kaya na nufi bakin tafki. Masu wannan sana'a takarda mai kauri suke nema, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, ta auduga in da hali, su manne gefenta da salatif a jikin katako. Ni kuwa ta firinta na ɗauko, mai giram 80, don a ganina takarda ai takarda ce. Shafar farko ta kumbura, ta yi tudu da kwari. Shuɗin da na aika sama ya gangaro ya taru a kwarin, ya yi zamansa. Shi fentin nan garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, ruwa ke ɗaukarsa, ruwa kuma ba ya jin rarrashi.

Can na tuna da girgije. Ashe a wannan harka farin takardar shi ne farinka, tun farko ake barin wurin ba a taɓa shi ba. Ni na riga na shafe ko'ina. Na haƙura na koma kan ciyawa. Koren ya yi min ƙarfi, na ɗiga masa ja don ya lafa, ya ƙi, na ƙara. Ja da kore in sun gauraya, ruwan ƙasa suke haifarwa. Ciyawata ta koma taɓo.

Rana ta yi zafi, ƙishi ya kama ni. Kofuna biyu ne a gefena, iri ɗaya, na sha da na wankin buroshi. Idona na kan taɓon na miƙa hannu na kurɓa. Ban san cewa launin toka yana da ɗanɗano ba sai ranar. Na sarƙe, na yi tari, ruwan ya fantsama kan samaniyar da ta fara shan iska.

Abin da ya biyo baya na tsaya ina kallo baki buɗe. Kowane ɗigo ya shiga tura shuɗin gefe a hankali, tsakiya na yin haske, baki na yin duhu yana lanƙwasa, har suka haɗu suka tashi girgije sosai, mai tudu-tudu, irin wanda da gangan ba zan iya ba.

Wani dattijo da ke wucewa ya leƙo ta kafaɗata, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗana, wannan girgije ya yi kyau. Hannunka na da albarka."

Na ce, "Na gode, Baba," ina goge baki.

Ya nuna ciyawar da sandarsa. "Ita kuma dorinar, me ya sa ba ka yi mata ido ba?"

Na yi mata ido nan take. Da gaske kuma ta fi kyau a dorina.

Tun ranar nake neman girgijen nan. Na sayi takarda mai kauri, na gano cewa sirrin yana ga lokaci: sai ƙyallin ruwan ya fara barin takarda. In ka yi gaggawa ɗigon ya narke ya ɓace, in ka yi jinkiri ya zauna a sama bai tura komai ba. Na gwada da buroshi, na gwada da yatsa, duk ba su kai na bakin tafki ba. Jiya uwargida ta shigo ta same ni a sunkuye kan takarda, kumatu a cike.

"Maigida, lafiya?"

Na ɗaga mata hannu alamar ta jira, don ƙyallin bai gama tafiya ba.